Tambayar Mai Jirgi

Asabar, bayan la'asar

Jiya na dawo Makka, ni kaɗai. Su sun tsaya a Jizan, likita bai sallami ɗana ba. Nadiya, uwar matarsa, ce ta yanka min tikiti ba tare da ta tambaye ni ba. Ta ce, "Ki je ki huta, ya Umm Basma, mu muna nan." Mu. Ni na haife shi, amma su ne mu.

Inna ta tare ni a bakin ƙofa da sandarta. "Ina maigidan nawa?" Haka take kiran jikanta, don sunan mahaifina aka sa masa, ita kuwa ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, yana raye ko yana kabari. Na ce yana samun sauƙi. Ta ce, "To ke me kika dawo yi?" Na wuce ɗaki.

Da Hausa nake rubuta wannan, don 'yata Basma ba ta iya karanta ta, Inna kuma ba ta karanta komai sai Alƙur'ani. Tsibirin zan rubuta. Shekara da shekaru ina koyar da tarihi a makarantar 'yan mata ta Rusaifa, ina yi musu faɗa su riƙa rubuta abin da idonsu ya gani. To na je tsibirin Farasan. Ɗana na fari ne ya kai ni, don ya san na daɗe ina son ganin gidajen masu cinikin lu'ulu'u. Zan rubuta gidajen, zan rubuta kifin. Sauran yana da masu ba da labarinsa da yawa.

Lahadi, da hantsi

Daga Jizan ake shiga abbara, babban jirgin ruwa mai haɗiye motoci da mutane. Mu biyar ne: ni, da shi, da matarsa Nora, da Nadiya, da Bandar yayan Nora. Basma tana jarrabawa, ta zauna da Inna.

A bakin tashar wata tsohuwa na sayar da furen full, farin nan mai ƙamshi, da aka shirya a zare. Ya saya guda biyu, ya rataya wa Nora ɗaya, ya miƙo min ɗaya. Ya ce, "Umma, yau za ki ga ruwan da ya fi tankin gidanmu." Na ce, "Kai dai riƙe jakar da kyau." Na sa furen a jaka. Nadiya ta ga na sa shi a jaka. Nadiya tana ganin komai.

Ruwan yana canza launi in an doshi tsibirin. Na karanta wannan a littattafan matafiya na dā, na ɗauka ƙarin gishirin marubuta ne. Ashe ragewa suka yi.

Yau na kira wayarsa. Nora ta ɗauka ta ce yana barci.

Litinin, bayan azahar

Yana barci.

Talata, da yamma

Ƙauyen Ƙassar muka fara zuwa. Gidaje ne na dutsen teku, an jera duwatsun kamar hannu ne kawai ya riƙe su, ga dabino, ga rijiyoyi. Babu mai kwana a ciki yanzu, an gyara shi don baƙi. Nadiya ta ɗauki hotonta a ƙofar kowane gida kamar ita ta gina. Kakar Nadiya fura ta sayar a unguwar Hindawiyya nan Makka, Inna ta san ta, ta san ƙwaryarta. Yau jikarta ba ta san "sannu" ba, in ta ji muna Hausa sai ta yi murmushin nan na wanda ya shiga ɗakin da ake soya kifi.

A nan na fara cin khamir. Gurasa ce ta dawa mai tsami, a tanderu ake manna ta. Na gutsura sai na ji kamar Inna ce ta yi, tsamin nan na ƙullun da ya kwana. Na ce masa, "Kai, ɗanɗana, wannan ai namu ne." Ya ɗanɗana ya yi dariya. Nora ta ce, "Khala," haka take kirana, wato gwaggo, "me ya sa kullum kai? Ba shi da suna ne?" Da wasa ta faɗa. A ranar da wasa ne.

Na yi mata bayani kamar ina aji. Na ce a wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Kunya ce. Ba ta yaba shi a gaban mutane, ba ta rungume shi, ba ta tsaya masa in ana faɗa. Shi ya sa unguwa take kirana Umm Basma, da sunan ƙanwarsa. Bandar ya ce, "A wane hadisi?" Na ce ba a kowane ba. Na san ba addini ba ne, ba sai Bandar mai sayar da tayoyi ya koya min ba. Ƙasar da iyayena suka baro ban taɓa taka ta ba. Abin da ya iso hannuna daga can bai fi harshe da tuwo da wannan ba, kuma na riƙe su.

Shi ya sake gutsura. Yana ta cin gurasar.

Alhamis, da safe

An sallame shi. Sun dawo jiya, suna shuggarsu, gidansu na bene a unguwar Zahir. A bakin Basma na ji.

Juma'a, bayan la'asar

Basma ta je. Na dafa farfesun kaza na ba ta ta kai, ta dawo da kwanon a wanke, ban tambayi wanda ya ci ba.

Ta ce yana tafiya da ƙafarsa. Yana tari. Magana tana yi masa nauyi, sai ya tsaya ya nemo kalma, likita ya ce wataƙila ta dawo daidai, wataƙila da saura. Na ce gobe zan je. Ta cire abayarta tana ninkewa, tana ninkewa, kamar ba ta taɓa ninke abaya ba.

"Yaya ya ce ba yanzu ba."

"Nora ta ce, ko shi ya ce?"

"Shi ya ce, Umma. Ya daɗe kafin ya haɗa maganar, amma shi ya ce."

A Farasan, gidan attajirin lu'ulu'un ya fi abin da na zata. An zana bangonsa da farar ƙasa tun daga ƙasa har sama, babu inda aka bari, ganye da taurari da rubutu. Tagogin gilashi mai launi, rana tana shigowa ja da kore. Mai gadin ya ce masu nutso suna shiga ƙarƙashin ruwa da numfashi ɗaya, wasu su fito da arziki, wasu ba su fitowa. Na tsaya na yi ta yi masa tambayoyi a kan nutso. Ni da bakina.

Lahadi, bayan an tashi daga makaranta

Ɗakin malamai. "Ya Farasan, ustaza Asiya?" Na ce kyakkyawa. Na ba su labarin sansanin da Turkawa suka gina a kan tudu, ɗan ƙarami ne, daga kansa ana hango teku ta kowane gefe. Na ba su labarin barewar tsibirin da muka gani da sassafe tana tsallake hanya. Na yi magana har aka buga ƙararrawa. Babu wadda ta katse ni, kuma a nan na gane duk sun ji.

Litinin, da yamma

Maƙwabciyarmu ta sama ta shigo aron turmi, tana da nata turmin. Ta zauna ta sha shayi, ta yi wa Inna sannu da ƙafa, sannan ta sassauta murya. Wai a Hindawiyya ana cewa ba ni na haife shi ba, riƙo ne, ɗan 'yar'uwar mijina marigayi Mudassir ne. Wai ita dai ta ce musu ƙarya ne, amma ta ga gara ta ji daga bakina.

Na ce ta jira in kawo mata hoton ɗinkin da aka yi min a ciki, ko in ɗaga rigar ta gani da idonta ta kai musu. Ta tashi ba ta ɗauki turmin ba.

Mai ƙaramin jirgin da ya kai mu yawo a teku ne ya fara. Ba da mugunta ya yi ba. A asibiti ya tsaya yana ba kowa labari, Bandar ya ji, Nadiya ta ji, daga Nadiya kuwa duk Makka ta ji kafin in sauka daga jirgin sama.

Talata, da asuba

Ban yi laifin da suke faɗa ba.

Laraba, bayan azahar

Harid. Kifi ne mai baki kamar na aku, jikinsa kore da shuɗi da ruwan hoda kamar an yi masa kwalliyar biki. Sau ɗaya a shekara yake taruwa a wani gaɓa mara zurfi, mutanen tsibiri su shiga ruwa da gudu su kama, babba da yaro. Mun rasa ranar kamun, amma mun sami kifin. A tanderu aka gasa shi da bawonsa, ba a sa masa komai ba sai gishiri da lemon tsami, aka kawo da shinkafa da yaji. Namansa fari ne, yana rabuwa da kansa. Akwai kuma miyar da suke dafawa a tukunyar dutse, ta zo tana tafasa har aka cinye gurasa ba ta huce ba.

Shi ya cire min ƙaya. Yana cirewa yana ajiye tsokar a gefena, bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Nadiya ta ce, "Ma sha Allah, kin yi sa'ar ɗa." Na ce, "Yana dai ƙoƙari." Abin da Inna za ta ce ke nan. Abin da kowace uwa mai tarbiyya za ta ce ke nan. Me suke so in yi, in tashi in yi guɗa a gidan cin abinci?

Basma ta shigo ta same ni ina rubutu. Ta ce, "Umma, kin san a ina Yaya ya fara jin ana kiran sunansa kullum? A makaranta. Inna maigida, Baba yaron nan, ni Yaya, ke kai. Ya taɓa ce min ranar farko malami ya kira suna bai amsa ba, bai saba ba." Na ce ta je ta yi karatunta. Na ce an ciyar da shi, an tufatar da shi, na sayar da awarwarona ya shiga jami'a, wanda ake kiran sunansa safe da yamma a gidajen Larabawa me ya fi shi da shi? Ta ce, "Ban ce kin ƙi shi ba." Ta fita ta bar ƙofa a buɗe.

Juma'a, da hantsi

Alhazai sun fara sauka. An kafa shingaye a hanyoyi, motocin haya sun ninka kuɗi, ko'ina ka juya Hausa kake ji ta mutanen da suka zo daga can. A kantin unguwa wata Bakanuwa tana ƙwala wa ɗanta kira da sunansa, ƙato mai gemu. Na matsa na tambaye ta ko na farinta ne. Ta ce eh. Na ce kuma take faɗin sunansa? Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ai wannan sai a ƙauye, can ma ya ragu."

Wato can sun ajiye, mu nan muna gadinsa kamar gidajen Ƙassar.

Asabar, bayan magariba

Ina yanke wa Inna farce na ce, "Inna, ya sunana?"

Ta janye hannunta. "Wane irin rashin kunya ne wannan da girmanki?"

"Ni ce ta farinki. Na haura hamsin. Ina so in ji ko kin sani."

"Ni na zaɓa miki shi, ubanki wani ya so."

"To faɗa."

Ta daɗe tana gyara ɗankwalinta. Ta ce wanda ya fi zama a ran mutum shi ake ɓoyewa, kada a ce ta zaƙe, kada ido ya kama shi. Na ce, "Ruwa ne ya kama shi, Inna, ba ido ba." Ta ce in kawo mata buta.

Ɗaso 'yar Malam, mai taurin kai tun daga Sakkwato. Ga sunanta na rubuta, ƙasa ba ta tsage ba.

Lahadi, da safe

Ya nemi a mayar da shi reshen wurin aikinsa na Dammam, an ba shi. Kafin Arfa za su tashi.

Litinin, bayan la'asar

Rana ta uku da marsa muka karya. Gurasa ce ake murƙushewa da ayaba, a zuba man shanu da zuma. Abincin yara ne da tsofaffi, na ce, sannan na cinye kwano guda. Ya ce zai koyi yi ya riƙa kawo min ranar Juma'a.

Muka ɗauki ƙaramin jirgi mai inji. Mai jirgin dattijo ne, baƙi kamarmu, da zane a ƙugu. Ya bi da mu cikin itatuwan nan da ke tsiro a ruwan gishiri, ƙandal suke ce musu, saiwoyinsu a waje kamar yatsu. Ya kashe inji don mu ji tsuntsaye. Daga nan ya kai mu wani tudun yashi a tsakiyar teku, fari fat. Nora da uwarta suka sauka suka yi nisa suna hoto, Bandar ya bi su da laima. Ni na zauna a jirgi saboda gwiwata.

Shi ya naɗe wando ya shiga ruwa. Ɗan Makka, ina ya san ruwa. Ya kai masa gwiwa, ya kai masa ƙugu, ya ba ni baya yana ta tafiya. A gabansa akwai inda koren ruwan yake yankewa ya koma baƙin shuɗi, kamar an ja layi.

Mai jirgin mutumin kirki ne. Tambaya ɗaya ya yi min.

Inna tana kira.

Talata

Ba zan rubuta ba yau.

Laraba, bayan la'asar

Nora ta zo. Takalmina da na manta a masauki ta kawo a leda, ta ƙi zama, ta ƙi shayi. Ta gaida Inna da Larabci, Inna ta amsa da Hausa, kamar kullum. Na ce ta shigo kicin.

Na fara. Na ce ta raba ni da ɗana, uwarta ta yayata ni a gari, Dammam ma shawararsu ce. Ta bar ni na gama. Yarinyar tana da haƙurin da ban so ba.

Ta ce, "Khala, mai jirgi ya ce miki gaba rami ne, ruwa yana ja, ki kira ɗanki. Kika ce kai, kai. Bai juyo ba. Mutumin ya ce miki ya sunansa, in kira shi da kaina. Ya sake tambaya. Ya ce ke kina waige-waige kina nemana a kan yashi in zo in faɗa. Haka ne ko ba haka ba?"

Na ce iska ce, ko na faɗa ba zai ji ba.

"Ya ji ki."

Na ce me?

"Ya ji kai, kai ɗin. Da bakinsa ya faɗa min, daren da ya fara magana. Ya ce ya ji tsoro a muryarki, sai ya ce a ransa, yau kam za ta faɗa. Ya ce bari in ƙara taku ɗaya." Ta goge ido da gefen mayafinta. "Ni ban ce ya ƙi ganinki ba, wallahi. Ni haushinku nake ji ku biyun. Na kusa zama bazawara saboda wasan da ban san kansa ba."

Na ce ba wasa ba ne, al'ada ce. Ta ce, "Tayyib, na ji, khala. Al'adar ta kusa cinye shi." Ta ɗauki jakarta.

Ja'iri. Mara mutunci. Ƙato da digiri da mata ya tsaya a bakin rami yana gwada uwarsa. In na gan shi sai na ci masa mutunci. Na san inda ya gado wannan kan, ba wajen Mudassir ba ne, Mudassir ko kaza ta harare shi sai ya ba ta haƙuri.

Alhamis, da hantsi

Ya ji ni.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Na kunna famfon kicin na gwada faɗin sunansa. Harafin farko yana fita, leɓe ne kawai. Daga nan sai sauran ya ƙi fitowa. Ni da nake tsayawa gaban aji in jero sunayen sarakuna da wazirai na daula bayan daula ban duba takarda ba. Akwai wani mai irin sunan a littafin aji biyu. Duk shekara in an zo shafin sai in ce wata ɗaliba ta tashi ta karanta, su suna zaton gwada su nake yi.

A jirgin ban yanke shawarar yin shiru ba. Da na yanke, da na sami abin da zan tuba a kai. Na buɗe baki ne na tarar babu hanya, kamar ƙofar da aka toshe da bulo tun kafin a haifi masu gidan. Wannan ne ba zan iya yi wa Nora bayani ba, ko Bandar da ya yi iyo ya ciro shi, wanda har yau ban yi masa godiya ba, don in na gode masa na amsa laifin.

Na sake gwadawa da la'asar. Basma ta leƙo ta ce wa nake zagi.

Lahadi, da yamma

Abin da ban gani ba a Farasan: tsohon masallacin da aka ce an zana cikin rufinsa, da wani gini da aka ce Jamusawa suka yi don ajiye gawayi a wani tsibiri na kusa. Rana ta huɗu aka shirya za mu je. Rana ta huɗu ina kan bencin asibiti, rigata ta bushe da gishiri, Nadiya tana ba ma'aikaciyar jinya sunansa da shekarunsa.

Basma ta ce motar kaya jibi za ta zo musu.

Litinin, da safe

Na sa abaya, na cire. Na sake sawa. Inna tana zaune a kan darduma tana kallona ta ƙasan ido.

Ta ce, "In za ki je ki je, kin cika min ɗaki da kaiwa da komowa."

Na ce in na je abin da ba ta so zan yi.

"Ni na tsufa da koyon sabon abu. Ke da saura."

Na tsaya a bakin ƙofa. Ban san me nake jira ba. Na sani. Ta ɗago ta dube ni sosai, bakinta ya motsa, ta ce, "Ke, ja min ƙofar, sanyin na'urar mukayyif yana fita."

Litinin, bayan isha'i

Mai tasi ya zagaya da ni rabin Makka saboda shingaye kafin mu isa Zahir. Ƙofar gininsu ta ƙarfe ce, sai an danna maɓalli an yi magana a buɗe daga sama. Na danna. Na yi zaton Nora. Shi ne, da muryarsa ta yanzu mai tafiya a hankali.

"Min?" Wane ne, da Larabci.

Na ce, "Ni ce."

Sai ya juya da Hausa, Hausarsa mai ɗaurin Larabci: "Ni ce wa?"

Bayana wani mai kawo tukunyar gas ya tsaya da kayansa a kafaɗa, yana jira a buɗe ya shiga. Umm Basma ce ta zo bakina, na haɗiye ta. Zagin da na tanada tun Laraba ya zo, shi ma na haɗiye. Mai gas ya ce, "Ya khala, nauyi." Na dafa bangon, yana da zafi.

Na ce, "Uwar Mukhtar ce."

Ban san muryar ba. Kamar ta wata mata ce da ke tsaye kusa da ni.

Ina jin numfashinsa a na'urar, ina jin tarin da yake dannewa. Ya ce, "Ban ji ba. Na'urar nan ba ta da kyau."

Na ce, "Mukhtar, buɗe min ƙofa, rana tana dukana."

Ya buɗe.

Ya rame. Bai rungume ni ba, ban rungume shi ba, abin bai kai nan ba tukuna. Dammam ba a fasa ba, kwalaye har bakin bayi. Na zauna a ƙasa na naɗe musu kofuna a jarida har azahar, Nora tana bi tana sake naɗe duk wanda na naɗe. Na ce ta ba ni lambar Bandar. Shi yana kan kujera yana kallonmu, ya ce gidan can yana da ɗaki na uku, bai ce na waye ba.

Da zan fito ya rako ni har bakin bene, yana dafa bango. Ya ce, "Umma, sake faɗa."

Na ce kada ya raina ni, biyu a rana ɗaya sun ishe shi. Ya kira ni gobe in sun sauka a Dammam.